Yadda Manu Ya Shiga Kwamitin Auren Bakin Teku

Jama'a, yau da safe tsakuwa ta fasa mini haƙori a cikin koko. Na kira matata na ce, "Ke Hinda, koko kika dama ko kwaɓin gini?" Ta ce, "Malam, abin da guga ya kawo shi na tace har sau uku. In ƙara za ka kai, ai ka san hanyar Magarya." Na san ta kuwa. Maƙwabcina Manu ma ya san ta, kuma tunda kumatu ya kumbura baki ba ya aiki, bari alƙalami ya ba ku labarin abin da ya samo a can.

Manu mutumin ƙauyenmu ne, nan gefen hanyar da ta tashi daga Magarya ta nufi Damagaram. Yana noman gero, yana kiwo. Kafin damina ta fara yi mana gardama shanunsa talatin da biyu ne, bana saura tara. Aibinsa ɗaya: gaskiya ta yi masa yawa. In ka tambaye shi abu, abin da ya sani zai faɗa maka, ko da kansa zai cuta.

Farkon bazara rijiyarmu ta rufta. Daga nan muka koma hannun wani biro, wato ofishin hukuma, da ba zan faɗi sunansa ba, don ina da iyali. Mu dai Biron Gobe muke ce masa, saboda ita ce amsar da ake ba kowa a ƙofarsa. Shugaban biron, Mai Girma Mai Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya yi mana alkawarin siminti da kamiyo, wato babbar motar kaya. Kafin su iso, motar ruwa tana zuwa mana kowace Laraba. Sauran kwana shida mata da jakuna su yi tafiyar rabin yini zuwa wani tafki da ya kusa zama taɓo.

Da wata biyu suka wuce babu siminti, maigari ya ce a aika mutum ya tuna wa manya. Aka zaɓi Manu, don ba ya fushi, kuma shi kaɗai ke da babbar riga da ba ta da faci.

Ya isa biro da hantsi. A ƙofa ya tarar da Jibo falanto, mai tsaron ƙofar biron, mutumin da ya shekara goma yana korar talakawa da kalma guda. Jibo ya dubi rigar, ya dubi rawanin, ya ce, "Kai ne mai raguna?"

Manu ya yi tunani. Yana da raguna uku a gida. Ya ce, "I, ina da raguna."

"To me ka tsaya yi? Tun ɗazu kai ake jira!"

Haka Manu ya wuce ƙofar da maigarinmu kansa bai taɓa wucewa ba. Ya samu manya goma sha biyu sun kewaye tebur, kowa da lemun kwalba a gabansa, Mai Girma yana bisa kujera mai juyawa. A bango an manna wata ƙatuwar taswira da jan layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Zuciyar Manu ta yi sanyi. Ya ce a ransa, ashe ba a manta da mu ba, ga su nan suna duba inda za a haƙa rijiyoyi.

Abdu sakatare, wanda ake kira Mushe Abdu irin na Faransawa, ya nuna masa benci, ya ci gaba da karatu. Sai a nan Manu ya gane jan layin hanyar 'yan biki ce. Ɗan Mai Girma zai yi aure, kuma za a ɗaura shi a Kwatano, ƙasar Dahome, a bakin teku, biki na kwana biyar.

Kada ku ce ko amaryar 'yar can ce. Gidan ubanta da gidan Mai Girma, in ka yi atishawa a ɗaya, daga ɗayan za a amsa maka. Amma Mai Girma ya bayyana wa kwamiti cewa auren gida ya zama na kowa da kowa, har mai sayar da ƙosai yana yi. Mutum mai matsayi sai ya ƙetare iyaka biyu ko ɗaya, ya ɗauki hoto teku na bayansa.

Mushe Abdu ya ce ranar farko ta saukar baƙi ce da hutawa a otal. Rana ta biyu ɗaurin aure. Ta uku kallon teku, kowa da farin kaya. Ta huɗu walima irin ta Turawa, kuma an riga an soma koya wa iyayen amarya riƙe cokali mai yatsu. Wani mai ƙaton tumbi ya tambaya me za a yi rana ta biyar. Aka yi muhawara ta kusan sa'a guda, aka tsayar cewa za a huta daga gajiyar kwana huɗun.

Sai aka shiga matsaloli. Liman ya rantse ba zai shiga jirgin sama ba. Makaɗa bakwai ba su da kat dantite, wato katin shaida, biyu kuma sun gudu da suka ji za a yi musu allurar shawara. Gwaggon ango ta ce in ba za a tafi da turminta ba, a tafi ba ita. An kuma sayi huhun goro goma za a kai can. Nan Manu ya kasa daurewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai goron daga can wajen yake zuwa." Mai Girma ya ce wannan goron ya riga ya ga Magarya, darajarsa daban. Kwamiti ya tafa.

Daga nan aka zo kan raguna. Guda arba'in za a loda a kamiyo, a bi ta Damagaram da Maraɗi da Doso da Gaya, a sauke su Faraku, can ƙasar Dahome, su shiga jirgin ƙasa. Mai Girma ya juyo da kujerarsa ya ce, "Kai mai raguna, me ka gani?"

Da ni ne, jama'a, da na ce ranka ya daɗe shirin nan ko a Makka sai haka. Amma Manu ne. Ya ji tausayin dabbobin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, cikin zafin nan rago ba ya kwana biyu a mota babu ruwa. Kafin ku kai Doso rabinsu sun mutu. Sai an bi su da ruwa, safe da yamma."

Mai Girma ya bugi tebur. Ya ce, "Kun ji amfanin shawara da talakawa! Mu goma sha biyu, duk da karatun lakwal ɗin da muka yi, babu wanda ya tuna. Mushe Abdu, rubuta: motar ruwa za ta bi kamiyo har Faraku, ta jira a dawo."

Manu ya zabura. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ita ke kawo mana ruwa ranar Laraba. Ni fa batun rijiya ya kawo ni. Maigari ne ya aiko ni kan siminti."

"Rijiya tana raina dare da rana," in ji Mai Girma. "Da an dawo biki ita ce ta farko. Kwana biyar ne kawai, ku da kuka saba da haƙuri?"

Kafin ya fita, Mushe Abdu ya sanar da shi cewa an sa sunansa cikin kwamiti, ɓangaren dabbobi, kuma al'ada ce kowane ɗan kwamiti ya kawo gudummawa. Washegari aka aiko aka tafi da babban ragonsa, wanda Nafi matarsa ta yi wata shida tana ciyarwa da dusar da ta rage daga bakin 'ya'yanta.

Da la'asar ya ba mu labari a gindin tsamiya, bai rage ko kalma ba, har da wadda ta fito daga bakinsa. Tamu, wanda ba ya raga wa kowa, ya ce, "To madalla. Mun aike ka ka roƙo siminti, ka je ka ba da motar ruwa sadaka, ka ɗora da rago. In mun sake aikenka, ƙauyen za ka bayar." Wasu suka yi dariya. Manu bai yi ba.

Ranar Laraba mata suka jera tuluna a bakin hanya kamar kullum, don ba su yarda ba. Wajen azahar sai ga ayari. Motocin manya uku a gaba, kamiyo na biye da raguna da turmin gwaggo, motar ruwa a baya, cike, tana ɗiga. Ba ta ko rage gudu ba. Manu ya rantse mini ragonsa ya leƙo ta saman kamiyo ya dube shi. Tsohuwa Yalwa ta bi layin ɗigon da ido har ya bushe, sannan ta ɗauki tulunta ta juya gida.

A makon nan Manu ya rasa shanu biyu. Ya daina zuwa gindin tsamiya. Nafi ta gaya wa Hinda cewa tuwo ma sai ta yi da gaske yake kai loma uku.

Ran Juma'a ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi ƙauyen Kwaya, ya dawo da Ɗantsoho, wani dattijon mahaƙin rijiya da idonsa ya yi rauni har ba ya bambanta mutum da kututture. Ɗantsoho ya zaga bayan gari yana dogara sanda, yana ɗibar ƙasa yana shinshinawa, ya tsaya kusa da wani gawo ya ce a nan. Ya ce siminti baƙo ne, kakanninmu da itacen kirya suke ɗaure rijiya. Amma shi ba zai iya shiga rami ba, sai dai ya zauna a baki yana faɗin abin da za a yi.

Aka dubi juna. Ƙasar nan yashi ce, kuma kowa ya ga yadda tsohuwar ta rufta. Manu, wanda ko rumbu ba ya son leƙawa, ya tuɓe riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Nafi ta ce, "Malam, kana da 'ya'ya huɗu." Ya ce, "Bakina ne ya kori motar, hannuna zai biya."

Kwana goma sha bakwai aka yi. Samari na saran kirya, mu masu ciwon baya muna jan guga cike da yashi, mata na kawo fura. Tamu mai baƙar magana shi ya riƙe igiyar Manu tun daga ranar farko, bai yarda kowa ya karɓe shi ba, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Da zurfin rami ya kai gaba shida, gefe ɗaya ya zubo ya binne Manu har ƙirji. Muka jawo shi yana tari, ya sha ruwa, ya zauna kaɗan, ya koma. A gaba ta tara ya yi kira daga ƙasa da wata murya da ban san yana da ita ba. Guga ya fito da laka mai sanyi. Yalwa ta dangwala ta shafa a goshi, ta rangaɗa guɗa.

Biki na kwana biyar kuwa sai da ya cinye mako huɗu. Da Mai Girma ya dawo ya ji an samu ruwa a ƙauyenmu, nan da nan ya ce zai zo ya buɗe rijiyar. Simintin ma ya iso, buhu ɗaya, aka gina ɗan dakali da shi aka rubuta cewa Biron ne ya yi wannan aiki don ƙaunar talakawa. Aka ɗaura ƙyalle a bakin rijiya, ya yanka da almakashi, muka tafa.

Sannan ya yi jawabi. Ya ce mu gode wa Allah da muke zaune a gida, don su sun sha wahala. Tun da suka sauka Kwatano ruwan sama bai ɗauke ba. Ranar kallon teku an jiƙe sharkaf, fararen kaya sun lalace, hoto bai fito ba, ragunan da suka kai da rai mura ta kama su. Ya ce, "Ku ba ku san masifar ruwa ba." Mu da muka shekara biyu muna kallon sama, muka ce Allah ya kiyaye gaba, ranka ya daɗe.

Daga ƙarshe ya kira ɗan kwamitinsa. Manu ya fito, har yanzu yana ɗingishi. Mai Girma ya miƙa masa kwalba guda da aka toshe da tsumma, ya ce tsaraba ce, ruwan teku ne na ainihi, da hannunsa ya ɗebo. Manu ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Bayan motoci sun tafi aka zagaya da kwalbar, kowa ya ɗanɗana ya tofar. Manu ya juye sauran a ƙwarya ya ajiye wa saniyarsa, ya ce ta daɗe ba ta lashi gishiri ba. Ta lashe tas, sannan ta nufi rijiya da gudu.

Ni dai ban ga abin ƙorafi ba. An ce baɗi 'yar Mai Girma za ta yi aure, kuma wannan karon ƙasar Turawa za a je, inda ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Allah ya sa a tuna da mu a tsaraba. Ko ta narke a hanya, ita dai ana sha.