Gugan da Ke Hawowa da Kansa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar 2004 ba, ko da yake na yi shekaru ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Ni tela ne a Lafia, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni irin mutanen nan ne da ke komawa sau uku su duba ko sun kulle ƙofa.

Tagar shagona tana kallon tsakar gidan Mama Dooshima, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da doya, da mijinta ya rasu, take zaune ita kaɗai. Bayanta ya ranƙwafa. Kullum da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi tsit ko kaza ba ta motsi, sai in ji ƙiiii, ƙiiii daga rijiyarta. Ran nan na leƙa. Igiyar ta bi ta kan wani wili da ke rataye a saman rijiyar. Na ga tana jan gugan ƙasa da ƙarfi alhali babu komai a cikinsa, kamar wani ne ya riƙe shi. Da ya cika kuwa, sai ta ɗora yatsu biyu a igiyar, ya taho sama a hankali shi kaɗai. Kuma leɓenta na motsi.

Na yi kwana tara ina kallo ina addu'a (har na ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo). Na ce in na yi shiru wani abu ya sami yaran unguwa, da me zan amsa gobe kiyama? Sai na gaya wa mai unguwa, a asirce, cewa aljanu ne ke ja mata ruwa. Kafin Juma'a asirin ya kai kasuwa. Aka daina sayen doyarta, aka fara cewa a cike rijiyar da ƙasa, ita kuma ta tashi.

Ranar Asabar mai unguwa ya tara mutane a gidan. Ya ce, "Malam Tela, kai ka gani, kai za ka nuna mana."

Na matsa bakin rijiyar. Mama ta ce, "Ɗana, kar ka kwance wannan guga." Na ce a raina, ka ji, tana kare aljanunta. Na kwance igiyar daga inda ta saƙale ta, na cire gugan.

Wani abu ya fizgi igiyar sama har na yi ɗage. Na kwarma ihu, "Sun kama ni! Wayyo, sun kama ni!" Na saki. Igiyar ta zuge ta haye katanga kamar maciji, sai muka ji dim! a baya, ƙasa ta girgiza. Na tsallake akuya, na bar takalmi da hula, na shige akurkin kajinta.

Daga nan nake jin muryarta. "Mai unguwa, zo bayan katanga ka ga aljanina."

Wani tsohon ƙarfen injin niƙa ne kwance cikin rami, ɗaure da ɗaya bakin igiyar. Mijinta makanike ne, shi ya haɗa mata lokacin da ciwon baya ya kama ta. Ta ce, "Ƙarfe ya sauka, ruwa ya hau. Ni ƙasa kawai nake ja, nauyin jikina ya yi aikin. Sama ne bayana ba ya so."

Mai unguwa ya ce, "To maganar da kike yi fa?"

"Waƙar coci ce. Ko ita ma Malam Tela ya hana?"

Aka zaro ni da kashin kaji a gemu. Faɗuwar ƙarfen ta karya wilin, don haka wata guda ni ke ja mata ruwa da hannu, kafaɗuna suka koyi abin da idona ya kasa. Amma masu sayen doya ba su dawo duka ba. Kafin damina ta ƙare ta kwashe kayanta, aka ce ta koma wajen 'yarta ta Agyaragu.

Tun daga nan, kafin in tara jama'a, sai na zaga bayan katanga.

Na ja mata ruwa, amma kunya ta hana bakina cewa ta yafe mini. Don Allah, duk wanda ya san inda take, ko gidan 'yarta a Agyaragu, ya sanar da ni.