Allurar Kaka a Kwana na Uku

"...lafiya lau, amarya. Ina ƙanƙarar da na aike ki?"

Haka kakana ya tare ni da azahar, ko takalmi ban cire ba. A layinmu wutar lantarki sunaye gare ta. In ta zo ta koma kafin ka jona waya, "leƙe" ke nan. In ta wuni ba ta dawo ba, "ta je unguwa". In babban layin ƙasa ya faɗi, sai a ce "ta suma". To, kwana uku ke nan da sumanta, ga allurar ciwon sugansa ba ta jure zafi.

"Babu, tsoho. Shago huɗu na zaga, kowa ruwan ɗumi yake sayarwa."

"Ƙarya, zance kika tsaya. Matar da ba ta iya aike ba, gobe zan sake ki."

"Ka sake ni wa zai kwashe ka? Haƙori biyu kamar tsohon cokali mai yatsu?"

Bakina ke tsiya, hankalina kuwa yana kan allurar. Na buɗe firij, wani ɗumi ya buso min. Babu kwalbar.

"Ina allurar?"

"Na binne ta."

"Kaka, ba wasa nake ba."

Ya nuna bayan ƙofa da sanda. Ƙaramar tukunya ce cikin babba, tsakaninsu jiƙaƙƙen yashi, an rufe da tsumma. Na zura hannu, na ji kwalbar da sanyinta.

"Haka kakarki ke ajiye alayyahu tun ba a haifi firij ɗinku ba. Ke me kika iya ban da danna waya?"

"Ita ma haƙuri ta yi da kai." Sai na tuna famfo ma ba ya zuwa in babu wuta. "Da wane ruwa ka jiƙa yashin?"

Ya kau da kai. Na ɗaga jarkar ruwan shansa, fayau. Sai lokacin na lura leɓensa ya bushe har ya tsage.

"Tun yaushe rabonka da ruwa?"

"Tun asuba. Ni ina iya jira, ita ba ta iyawa."

Tsoro ya kama ni sosai. Na suri jarkar zan fita neman ruwa.

"Ka ci gari, tsoho. Amma in na dawo na tarar ka motsa daga nan, ni zan sake ka."

Ya yi dariya har da tari.

"Yi sauri dai. Kin yi ƙanƙanta da takaba."