Kaskon Baƙin Mai da Auren da Ya Tsiyaye

Ba zan taɓa mantawa da ɗinyar nan ta hanyar Sule Tankarkar ba, don a gindinta mutuncina ya tsiyaye tas. Zamanin dogon layin mai ne, ina tuƙa akori-kurar kawuna a Gumel, ina kuma neman auren Hadiza. Ana bikin yayarta, sai na yi alƙawarin kai kayan ɗakin amarya (ba wanda ya roƙe ni, neman suna ne kawai).

Ana gobe tafiya, kututture ya huda mini kaskon baƙin mai na ƙasan inji. Sabo mai walda ya leƙa ya ce, "Sai an kwance an liƙa ƙarfe. Ka dawo jibi."

Jibi? Na wuce Maigatari wajen mai liƙin bokiti. Ya yanko gefen jarka, ya ɗora wuƙa a wuta, ya manne ramin da roba, har da shafawa. Na dawo ina yi wa Sabo dariya, ina cewa zamani ya bar ƙarfe a baya. Wallahi ko sau ɗaya ban tuna cewa inji yana zafi ba.

Da safe aka loda gado da kwalla, gwaggwanni suka hau bisa kaya, mahaifin Hadiza ya zauna gaba cikin farar babbar riga. Ina ta ba shi labarin iya mota, har warin ƙonanniyar roba ya cika mana hanci. Daidai gindin ɗinyar nan injin ya yi ƙara, ya mutu.

Baba ya sauko, ya durƙusa ya leƙa. Ya miƙe, hannun rigarsa baƙi ƙirin, yana riƙe da wani abu mai yauƙi.

"Ɗana, wannan fa?"

"Jarka ce, Baba."

Amalanken shanu ne ya ja mu zuwa cikin garin Sule Tankarkar, ni ina riƙe da sitiyari, gwaggwanni suna guɗa don mugunta. Hadiza na ƙofar gidan amarya. Na so ƙasa ta tsage.

Saƙon Baba ya iso gidanmu a takaice: wanda ya liƙe inji da roba, da me zai liƙe aure?

Tun daga ranar ko cokali zan saya, na ƙarfe nake nema. Hadiza ma ƙarfen ta zaɓa: Sabo ta aura.