Farantan Kek a Tayoyin Mota

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Torleif ya sha kaye a ƙofar coci, kuma har yau in matan ƙungiyar saƙa suka zauna shan kofi sai an tuna. Farantan gashin kek na matarsa Gunvor ya sato, huɗu, zagayayyu, ya huhhuda su ya ɗaure a tayoyin motarsa mai batir, wai don iska ta riƙa zamewa maimakon ta shiga wili ta yi ta dambe. Gunvor da ƙafa ta tafi da wuri jera furanni, ba ta gani ba sai da aka fito daga ibada. Ba ta ɗaga murya ba. Almakashi ta zaro daga jaka ta miƙa masa, ta tsaya a kansa. Da kwat ɗin Lahadi ya durƙusa cikin laka yana yanke igiyoyin, fasto na kallo.

"Kilomita uku fa suke ƙara wa mota," ya ce daga ƙasa.

"To ka taka ukun da ƙafa, tumbinka zai gode maka."

Yanzu shekara biyu da aka binne shi a ƙauyensu na bayan dutse, kusa da iyayensa. Motar tana nan, batirinta ya tsufa kamar mai ita. Ran Asabar da safe Gunvor tana tsaye a gareji cikin rigar sanyin marigayin, sai ga jikanta Sindre, bakanike, ƙato mai shekara talatin, yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmi.

"Kaka, ina kwana? Kin ce mota ba lafiya."

"Lafiyarta lau, ta fi ka. Dubi gemu kamar burushin wanke tukunya. Shi ya sa yarinyar nan mai kare ta gudu."

"Ba guduwa ta yi ba, aiki ta samu a Bergen."

"Garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Ta gwammace ta jiƙe kullum da ta kalle ka. Ungo."

Ta tura masa farantan. Ya san su. Duk kek ɗin da ya ci a gidan nan tun yana saurayi da 'yan ƙuraje huɗu a ƙasansa, inda ƙullu ya leƙa ta hudojin.

"Kek za a yi?"

"Ɗaura su za ka yi."

"A ina?"

"A kunnenka. A taya mana, ɗan banza!"

Sindre ya zauna a kan tsohon akwati ya yi dariya har da tari. "Ke? Ke da kika sa mutum ya durƙusa gaban fasto? Bari in kira jarida."

"Kira. Ka ce su zo da reza."

"Kaka, abin nan ba ya komai. In an yi sa'a, kilomita biyu ko uku."

"Ukun nake so."

Gobe ce Lahadin farko ta Nuwamba, ranar da kowa ke kai wa mamatansa kyandir. Bara ta kashe hita, ta kashe rediyo, ta haura dutsen kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka motar ta mutu wajen tsohon dakalin tulunan madara. Daga nan ana hango hasumiyar cocin ƙauyen, amma gwiwarta ba ta san da wannan ba.

"Da tarakta aka ja ni zuwa maƙabarta, kamar saniyar da ta karye," ta ce. "Kowa ya kunna nasa ya tafi. Kabarinsa kaɗai ne babu haske, kamar wanda bai taɓa aure ba."

"Ai akwai wurin caji a tsakiyar hanya."

"Wancan da sai an lallashe shi da waya? Na danna har yatsuna suka daskare, ya ce bai san ni ba. Ni ma na ce ban san ubansa ba."

"To ni in kai ki a motata."

"Mai warin safa da tsiren alade? Shekara hamsin da biyu ban taɓa zuwa wurinsa a motar wani namiji ba."

"Ni jikanki ne fa."

"Shi ya fi muni. Ko kishi ba zai yi ba."

Sindre ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan farar ambulan da ke kan kantar garejin, a danne da gwangwanin ƙusoshi. Gunvor ta ga inda ya duba.

"Uwarka ta faɗa maka."

"Ta faɗa."

"Bakinta kamar farantan nan. To, haka ne. Likitan ido ya ce ba zai sake sa hannu ba. Ƙarshen wata lasin tuƙina ya ƙare. Yaro ne ƙarami, ko gemu irin naka bai samu ba." Ta ja wuyan rigar ta rufe haɓa. "Gobe dai ina da shi."

Sindre ya miƙe daga kan akwatin. Ya zaro damin igiyoyin roba daga aljihu, ya durƙusa gaban taya, daidai yadda kakansa ya durƙusa, har da nishin. Gunvor ta juya ta yi kamar tana neman wani abu a kan kantar.

"Mijinki bai bar hudar busa iska ba," ya ce. "In taya ta sace, sai dai a yi mata addu'a."

"Bai samu lokaci ba, kwana ɗaya suka yi a jiki. Huda. Kuma ka ja da ƙarfi, kada ɗaya ya fice ya sare wa wani tunkiya."

"Da ke zan ɗaura a gaba, hancinki kaɗai ya isa ya tsaga iska."

"Da kai zan sa a baya, nauyin kanka ya kai ni gangara ba batir."

Ya juya farantin farko. A bayansa an karta rubutu da ƙusa, hannun Torleif mai karkata: baya, hagu. Na biyu: baya, dama. Na uku: wajena. Ya ɗauki na huɗu ya matsa da shi wajen haske.

"Wajen Shugaba," ya karanta. "Kaka, kin san da wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya ina wanke shi, makantar ta bana ce."

"Sauran duk sun fara gogewa. Wannan kamar jiya aka rubuta."

"Soson ƙarfe tsada gare shi."

Sindre ya nufi tayar gaba ta dama da shi, wajen fasinja inda ta saba zama.

"Ina za ka? Kai shi hagu. Can nake zama yanzu." Ta ɗauki na ukun, mai cewa wajena, ta shafa shi da hannun riga kafin ta miƙa. "Wannan ka sa shi dama. Ya ɗanɗana zaman fasinja, ya ji yadda na ji."

Da ya gama ya miƙe yana share hanci da bayan hannu, wai sanyi ne. Motar ta tsaya da farantai huɗu suna ƙyalli, kamar tsohuwar da aka sa wa 'yan kunnen amarya.

"Zan bi ki a baya da igiyar ja," ya ce.

"Ka bi daga nesa, kada a ɗauka tare muke. Akwai kek a kicin, na ƙarshe mai ƙuraje. Cinye."

"Tsaya tukuna. Ke nan gobe za ki je gabansa ki ce, Torleif, kai ne da gaskiya?"

"Allah ya kiyaye! Zan ajiye motar bakin katanga inda zai gan ta, in kunna kyandir ɗina, in yi shiru." Ta zura hannuwa cikin aljihun rigar marigayin. "In yana da abin cewa, ya tashi ya faɗa."

Sindre ya yi dariya, rabi kawai ta fito. Ya tsuguna ya ƙara wa kowane faranti igiya ɗaya.