Makullin Motar Kaka Verna

"Kin tashi lafiya, amaryata?"

"Lafiya lau na tashi, sai ga ka."

Travis ya yi dariyar yaƙe. Tun jiya mahaifiyarsa ta ɗora masa aikin da kowa ya guda: ya je ya raba Kaka Verna da makullin motarta. Idon tsohuwa ya yi rauni, garinsu kuwa a ƙuryar jihar Nebraska ta Amurka yake, kanti mil goma sha biyu, ba bas ba tasi. Wanda ba shi da mota sai dai ya zauna ya ƙirga masara. Ga ta tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, makulli dunƙule a hannu.

"Ina zuwa haka ba izinin maigida?"

"Sayen fulawa. Matsa, mijin da gemu ya ƙi."

"Kawo makullin in kai ki."

"Wa ya aiko ka?"

"Soyayya."

"Uwarka dai. Biri ya yi kama da mutum."

Travis bai kauce ba. "Kaka, akwatin wasiƙar maƙwabta da kika take ranar Talata fa?"

"Shi ya fito hanya."

"Shekara talatin yana kafe a kan turke!"

"Kai, buɗe kunnenka. A ƙasar nan kowa da haƙƙinsa aka haife shi: ransa, 'yancinsa, da bin abin da zuciyarsa ke so. Ba gwamnati ta ba ni ba, balle 'yar da na haifa ta karɓe. Abin da ya bambanta mu da sauran duniya ke nan."

"Gaskiya mun bambanta. Ko'ina sanda ake ba makaho, mu kaɗai muke ba shi sitiyari."

"Ɗan nema! Bakinka ya fi aikinka."

"To Darlene mai kawo wasiƙa, da ta yi tsalle ta faɗa kwalbati don ta kauce wa motarki? Ita ba a haife ta da ranta ba?"

Tsohuwa ta kawar da kai. Travis ya ji ina ma bai faɗa ba.

"Na zaɓi in yi shiru," in ji ta can. "Shi ma haƙƙina ne."

"Shekara tamanin, yau kika fara amfani da shi."

Dariya ta kufce mata, ta yi maza ta haɗiye. "In ka ƙwata, kotu za ta raba mu."

"Na sani."

"Ba a yi wa Ba'amurkiya ƙwace." Ta wurga masa makullin a ƙirji. "Amma tana kyauta. Na ba ka motar. Ka gaya wa uwarka ni na bayar, ba wanda ya karɓa. Talata kanti, Lahadi coci, kai ne direba."

"To ni nawa 'yancin fa?"

"Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Buɗe mini ƙofa, ango."