Mudi da Hancin Ango

Wani gaye ne a layinmu a Tudun Wadan Zariya, sunansa Mudassir, amma shi ya raɗa wa kansa Mudi Mai Zane. Cika baki kuwa, ba a magana. In ka biye masa, duk allon tallan da ke kan hanyar Kaduna da hannunsa a ciki. Alhali mun san iyakar gwanintarsa: ya ɗauki kansa hoto a waya, ya liƙa fure a gefe.

Sai yayansa Balarabe, mai sayar da masara a Sabon Gari, ya gaji da ciyar da ƙato. Ya ce ko Mudi ya samo aiki kafin ƙarshen wata, ko ya zo rumfa ya riƙa ɗaukar buhu. Mudi da buhu! Mutumin da ko butar alwala sai an miƙo masa.

Ana haka sai aka ji wata maɗaba'a na neman mai zane a kwamfuta, ɗan koyo ma suke so. Abokinmu Tasi'u ya ce ya zo ya nuna masa abu biyu-uku kafin ranar ganawa. Mudi ya ja tsaki, wai shi za a koya wa zane? Abu ɗaya kawai ya ɗauka a maganar Tasi'u, cewa za a nemi ganin ayyukan da ya taɓa yi.

To ina ayyukan? Gogan naka ya faɗa ɗakin tsohuwarsa. Kun dai san iyayenmu mata da tara kayan rabon biki: kalanda, sitika, ɗan littafi mai hoton ango da amarya. Ya kwashe su kaf, ya bi da reza ƙyat-ƙyat ya yanke sunan masu bugawa, ya jera a fayil. Sauran kwanakin kuwa a gaban madubi ya ƙarar da su, yana koyon ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ranar ganawa ya sha shadda, ya yi wanka da turare. Mai maɗaba'ar, Malam Shitu, wani gajere ne mai tumbi da ƙaton tabarau. Yana ta buɗe fayil, sai ya tsaya cak a kan wata kalanda. Ango ne fes, dogo, hanci har baka. Ya tambayi Mudi ko wannan ma aikinsa ne.

Kamar jira yake. Ya gyara zama, ya ce duk ayyukansa babu wanda ya ba shi wuya irin wannan.

"Ranka ya daɗe, da ka ga angon nan a fili da ka tausaya wa amarya. Hanci kamar an taka tumatir, ni na ja masa shi. Tumbi na rage rabi. Wuya ma ba shi da shi, ni na ƙera masa."

Malam Shitu ya gyaɗa kai ya ce sai kuma me? Ai kuwa Mudi ya ƙara wuta, wai da angon ya ga kansa sai ya rungume shi yana kuka shaɓe-shaɓe.

Malam Shitu ya zare tabarau, ya ɗaga kalandar daidai fuskarsa. "Duba da kyau."

Mudi ya kalli kalanda, ya kalli mutum. Sai yanzu ya karanta rubutun da ke ƙasan hoton: Shitu da Rakiya. Buhunan Balarabe suka fara yi masa gizo. Wallahi da ni ne, da na nemi ƙofa. Amma shi, da ƙarfin hali, sai ya ce, "Ka gani ko, ranka ya daɗe? Ni kaina ban gane ka ba. Ai an yi aiki."

"An yi aiki kam. Ga wadda ta yi shi can."

Wata mata da ke aiki a kwamfutar lungu ta juyo. Rakiya ce, amaryar kalanda, ita ce kuma shugabar masu zane a wurin. Ta ce hancin dai ta ɗan taɓa, amma wuyan nasa ne. Ta buɗo asalin hoton, ta ja wa Mudi kujera, ta ce bismilla, ya ja hancin su gani.

Mudi ya zauna jagwab. Ya rasa ta inda zai fara. Can sai ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin kwamfutar, daidai hancin ango, yana ta ja ƙii-ƙii kamar yadda yake yi a waya. Hanci ko gezau.

Malam Shitu ya sunkuyo da fuskarsa dab da tasa.

"Samari, in da hannu kake ja, bar wancan. Ga na gasken nan, gwada."