Shayin da Na Yi wa Fifita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da nahawu ya kai ni ya baro. Shekarata ta farko ke nan a Makka, lokacin da ƙanƙara sai gidan wane da wane. Guzurinmu ya ƙare, matata tana da tsohon ciki, aiki nake nema ido rufe.

Wani maƙwabcinmu a unguwar Jarwal, Ammi Sale, wato Baffa Sale, Bakano ne haifaffen Makka, shi ke kwangilar shayi a gidajen biki. Ya ce zai gwada ni a wata walima a unguwar Zahir, in na yi kyau na samu gindin zama.

"Malam, kana jin Larabci?"

"Ammi, shekara tara na yi ina karatun nahawu," na faɗa ina gyara zaman hula. (Da ma na ce a'a, da na huta.)

Bayan azahar aka ci shinkafa da rago. Ammi Sale ya leƙo inda muke dafa shayi yana gumi.

"Yalla Malam, barrad shahi, ka kai wa manya majalisi."

Ya wuce. Shahi dai shayi ne, wannan ba gardama. Barrad fa? Na juya kalmar a kaina na gano tushenta: barid, wato sanyi. Ashe sanyaya shayin ake so! Na dubi zafin garin, na ce lallai Larabawa akwai hikima. Tambaya kuwa ban yi ba, mai shekara tara a nahawu ai ba ya tambayar mai wanke finjali.

Na zage damtse. Na juye shayin a kwano biyu ina shiƙa shi kamar kunun jinjiri. Na cire hulata na yi ta fifita. Da na ga bai yi mini ba, na mayar da shi buta, na tsoma ta a cikin randa, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Gumi har idona, amma na rantse sai shayin nan ya yi sanyin da za a ba da labari. Ya kuwa yi.

Na shiga majalisi, ɗakin manyan baƙi, ina taƙama, na fara da uban ango, wani dattijo mai farin gemu. Ya kurɓa, ya tsaya, ya riƙe shi a baki kamar maganin shawara. Da ƙyar ya haɗiye, ya dubi Ammi Sale.

"Ya Sale, wuta ce ta ƙare a gidana?"

Majalisi ya ɗauki dariya. Ammi Sale ya ja ni waje, ya ɗaga butar saitin hancina.

"Malam, wannan ita ce barrad. Buta! Butar shayi na ce ka kai, da zafinta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na tuna halin da na baro gida, na kama hannun rigarsa na ƙi saki.

"Ammi, ka yi mini rai. Ka dai shaida na iya sanyaya abu."

Ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa. Daga ranar ya hana ni kusantar murhu, ya damƙa mini tulunan ruwan sha. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sanyaya wa mutanen Makka ruwa, da shi na ciyar da 'ya'ya huɗu.

Abin da na koya shi ne, matambayi ba ya ɓata, amma malami mai jin kunyar tambaya yakan ɓata har da hujja daga littafi.